Waiwaye: Bangon da Aka Matsar Tun Ba a Gina Shi Ba

A 'yan shekarun nan, a makarantun koyon zanen gine-gine da ofisoshin masu sana'ar, akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tabarau ɗin nan da ake ɗaura wa mutum a fuska, ya tsinci kansa tsaye a falon gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba, kayan bincike ne ko kayan talla? Wasu malamai na kukan cewa ɗalibin da ya saba da shi, hannunsa zai manta fensir da kwali. Wasu kuwa cewa suke yi yanzu mai gida ya huta da sa hannu a takardar da bai fahimci komai a cikinta ba. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya-jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya ba shekara hamsin baya.

Farkon labarin sananne ne. A 1963 Ivan Sutherland, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiro Sketchpad, manhajar da ta ba mutum damar yin zane kai tsaye a kan allon kwamfuta da alƙalamin haske. A 1968, a jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa tabarau wanda sai da aka rataye ƙarafansa a silin. A 1992 Carolina Cruz-Neira da abokan aikinta a Jami'ar Illinois da ke Chicago suka fito da ɗakin da majigi ke haska hoto a bangayensa da daɓensa, mutum ya shiga ya tsaya a tsakiya. A 2012 kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan tabarau, ya tara dala miliyan 2.4 daga jama'a ta intanet, bayan shekara biyu Facebook ya saye shi a kan kusan dala biliyan 2, farashin tabarau ya yi ta sauka har ya shigo ajin ɗalibai. Kusan duk mai ba da tarihin nan haka yake jero shi, daga na'ura zuwa na'ura.

Abin da ake tsallakewa ya faru ne a tsakiyar shekarun 1980, a garin Chapel Hill na jihar North Carolina. Sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar garin zai samu sabon gini, wanda aka sa wa suna Sitterson Hall, aka kuma kammala a 1987. Wanda ya kafa sashen tun 1964, Fred Brooks, ba ƙaramin mutum ba ne a fagen, don shi ya jagoranci aikin kwamfutocin System/360 na kamfanin IBM. Yana da ra'ayi guda da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: masanin kwamfuta maƙeri ne, kuma ba a gane kyan fartanya a maƙera, sai a gona. Don haka ba ya son a ƙera na'ura sannan a shiga neman abin da za ta yi. Sai an samu matsala ta gaske da mai matsalar tukuna.

A wannan karon shi ne mai matsalar. Shi da mutanensa za su zauna a ginin, ga taswirori a gabansu, amma taswira harshen mai zane ce. Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan ciwon. Ana kafa turaku a ja igiya, ka tsaya a tsakiyar abin da aka ce maka ɗakin kwana ne, ka ga ko gado ba zai shiga ba. Magini ya ce maka, "Alhaji, ka bari a tada bulo." Ka yi shiru, don ba ka da hujja. Ranar da hujjar za ta zo kuma, siminti ya riga ya bushe.

Brooks da ɗalibansa suka ɗauki taswirorin suka shigar da su kwamfuta, bango bayan bango, har ya zama ana iya yawo a cikin ginin ta allo. Ya bayyana aikin a wata maƙala a 1986. Hoton ba shi da wani kyau, ba katako mai sheƙi, ba furanni a baranda. A shekarun da suka biyo baya suka haɗa masa injin nan na motsa jiki da ake tafiya a kai a wuri ɗaya, suka kafa masa kan keke, in kana son shan kwana ka murɗa. Mutum ya riƙa auna tsawon hanya da ƙafarsa.

A yawon da suke yi cikin ginin na kwamfuta ne suka lura da wani bangon tsakani a zauren shiga, wanda ya matse hanyar da jama'a za su fi bi. A takarda ba a ga laifinsa ba. Masu zanen ba su yarda ba da farko, sai da aka nuna musu su ma suka bi ta wurin. Aka matsar da bangon.

Bango ɗaya ne kawai, amma a ganina nan ne lamarin ya juya. Kafin ranar, kwamfuta tana taimaka wa mai zane ne ya yi zanensa da sauri. Daga ranar, ta ba wanda ba ya iya karanta taswira bakin magana, har ya yi musu da gwani ya ci. Kuma ba kyan hoto ne ya kawo hakan ba, neman aibu aka shiga yi. Yawancin ƙoƙari da kuɗin da aka zuba a fagen daga baya sun tafi ne wajen ƙawata abin da ido ke gani: hasken yamma a kan tayil, labule yana kaɗawa, bishiyar da ba ta zubar da ganye. Mai saye yana cire tabarau yana murmushi. Ba kasafai ake tambayarsa inda ya ji a takure ba, balle a ce zafin ɗakin a watan bazara, ko ƙarar titi, ko warin kwata, waɗanda tabarau ba ya ɗauke da su.

Akwai kuma wata gargada da masu bincike suka daɗe da ganowa, wadda ba ta cika shiga gardamar yau ba. Tun farkon shekarun 1990 aka lura cewa mutanen da ke cikin tabarau suna ganin ɗaki ya fi ainihinsa ƙanƙanta. A 2013 wasu masana a Jamus suka tattara gwaje-gwajen shekaru, suka samu cewa a matsakaici mutum yana ƙiyasta kashi 74 cikin 100 ne na nisan da aka zana. Bangon da ke mita 10 sai ya gan shi kamar bai kai mita 8 ba. Sababbin na'urori sun rage wannan giɓi, ba su toshe shi ba. Ke nan mai gidan da ya ce falo ya yi masa kaɗan, yana iya sa a ƙara bulo da kwano a banza, kuma shi da mai zane duk da gaskiyarsu.

A 2006, Victoria Interrante da abokan aikinta a Jami'ar Minnesota suka yi wani gwaji. Suka gina a kwamfuta kwafin ɗakin da mutum yake tsaye a ciki, daidai da daidai, sannan suka sa masa tabarau. Kuskuren awon ya kusa ɓacewa. Ido ya riga ya san ɗakin, sai ya yarda da kwafinsa. Sai dai ginin da ake kiran mai gida ya gani, galibi fili ne da ciyawa da turaku huɗu, babu ɗakin da idonsa ya taɓa sani a wurin.