Wai me ake nufi da "bakgiraun cek", kuma wa ke da ikon ganin rekod ɗinka?

Ran Lahadi muna zaune a bes a unguwar Nima ta Accra ana shan ataya, wani ƙanenmu ya ce yayansa da ke Bronx a Amurka ya rasa aikin direba don kamfanin sun yi masa bakgiraun cek sun ga an taɓa kama shi. Sai wani dattijo a gefe ya ce, to yaro ai wanda aka taɓa kamawa mai laifi ne, me kuma za a ce? Nan fa gardama ta tashi har ataya ya huce.

Bakgiraun cek dai Turanci ne, ma'anarsa binciken bayan mutum kafin a ba shi aiki ko hayar ɗaki ko biza. Kuma yawanci abin da ake nema shi ne rekod ɗin laifi. To amma ita kalmar rekod ɗin nan tana da rikici, don abubuwa uku ne aka cusa a buhu ɗaya: kamawa daban, kai mutum kotu daban, hukunci daban. Duk wanda ya girma a zango ya san samame, polis su zo da dare su kwashe samari da mai laifi da wanda ya fito sayen koko, gari ya waye a saki rabi. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 19, ya ce mutum ba shi da laifi sai an tabbatar a kotu ko shi da bakinsa ya amsa. Saboda haka Baba, da girmanka, kamawa ba hukunci ba ne.

A nan gida abin da muka saba da shi polis ripot ne. Kai da ƙafarka za ka je hedikwatar CID, sashen polis masu binciken laifi, a Accra, a ɗauki zanen yatsunka, ka biya kuɗi, ka koma ka karɓi takarda, sannan kai da hannunka ka miƙa wa ofishin jakadanci ko mai aikin. Da wahala da jira, amma ko ba komai ka san abin da aka rubuta a kanka kafin wani ya gani.

A Amurka ba haka abin ke tafiya ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da sana'arsu ke nan, suna kwaso bayanai daga kotuna da ofisoshin gwamnati, su tara a kwamfuta, su sayar wa masu ɗaukan aiki da masu gidan haya. Matsalar ita ce sun iya kwafe ranar da aka kama ka, amma ranar da alƙali ya kori ƙarar sai ta ɓace a hanya, ko kuma sunanka ya zo ɗaya da na wani, mu kuwa da Muhammad da Abdullahi suka cika kowane gida sai Allah ya kiyaye. Dokar Amurka ta 1970 mai suna FCRA ta ce sai ka sa hannu kafin mai aiki ya bincike ka, in zai hana ka aikin saboda rahoton dole ya ba ka kofi, in ka ce ƙarya ne kamfanin da ya haɗa rahoton na da kwana 30 ya bincika. Kamun da bai kai ga hukunci ba bai kamata ya fito ba bayan shekara 7, sai fa in albashin aikin ya kai dala 75,000 a shekara. Hukunci kuwa yana iya bin mutum har tsufa. A Ingila sun ɗan sassauta, tun 1974 suna da dokar da ta ce bayan wani lokaci ba dole ka bayyana wasu laifuka ba.

Masu cewa a buɗe komai suna da hujja, ban musa ba. Wa zai so a ɗauki wanda ya taɓa lalata yara aikin koyarwa a makaranta? Shari'a ma a fili ake yinta. Amma a 1989 kotun ƙolin Amurka ta hana 'yan jarida rekod ɗin wani mutum da ke hannun FBI, hukumar binciken laifi ta ƙasar, ta ce bayanan da ke warwatse a kotuna daban-daban ba ɗaya ba ne da wanda aka haɗa wuri guda, da danna maɓalli ka ga rayuwar mutum kaf. Ni dai a ganina fayyacewar da ta fi wajaba a kan gwamnati take, ta faɗa mana wa ta ba, me ta ba shi, kuma ina zan je in an yi kuskure.

Dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta sa maganar laifi, har da zargi kawai, cikin bayanai na musamman da ba a wasa da su, kuma kana da haƙƙin tambayar kamfani me ya ajiye a kanka, ka nemi a gyara, in ya ƙi ka kai ƙara hukumar kare bayanai. Dokar samun bayanai ta 2019, Act 989, ita ma ba ta buɗe sirrin mutane ba.

Shi ƙanen namu an ce ya faɗa wa yayansa ya nemi kofin rahoton tukuna, ya duba ko an rubuta cewa an kori ƙarar.