Karatun Kula da Otal da Yawon Buɗe Ido a Jami'a

Karatun kula da otal da yawon buɗe ido fanni ne da jami'o'i ke ba da digiri a kansa domin horar da waɗanda za su shugabanci otal-otal, gidajen cin abinci, kamfanonin shirya tafiye-tafiye, wuraren taro da hukumomin yawon buɗe ido. Reshe ne na karatun kasuwanci, amma ya bambanta da sauran rassan ta wani ɓangare guda: ana son ɗalibi ya fara yin aikin da hannunsa kafin a koya masa shugabancin masu yin sa.

Asalinsa

Fannin ya tsiro ne daga buƙatar masu otal da kansu. A ƙarshen ƙarni na 19, jiragen ƙasa sun riƙa kwararo baƙi zuwa tsaunuka da tafkunan Suwizalan, manyan otal-otal suka yawaita, ƙwararrun ma'aikata kuma suka yi ƙaranci. A shekarar 1893, Jacques Tschumi, tare da goyon bayan ƙungiyar masu otal ta ƙasar, ya buɗe makarantar otal a Lausanne, a gaɓar Tafkin Jeniba. Ita ce makarantar otal ta farko a duniya, kuma har yau tana nan da sunan EHL. Ta koma sabon mazauninta a Chalet-à-Gobet da ke wajen garin Lausanne a 1975, daga baya ta shiga tsarin jami'o'in ƙasar.

Digirin shekara huɗu na farko kuwa a Amurka aka fara shi, a Jami'ar Cornell da ke jihar New York, a 1922, ƙarƙashin Howard Meek. Masu otal da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin, don a ganinsu wannan sana'a a bakin aiki ake koyonta, daga ɗaukar kayan baƙo har mutum ya zama manaja. Attajirin otal Ellsworth Statler na cikin masu wannan ra'ayi, har sai da ya halarci taron da ɗaliban suka shirya suka gudanar da kansu a 1927, ya ga abin da suka iya. Bayan rasuwarsa a 1928, gidauniyarsa ta zama babbar mai tallafa wa makarantar, shi ya sa otal ɗin da ɗalibai ke koyon aiki a cikinsa yake ɗauke da sunansa.

Daga waɗannan gidaje biyu aka sami salo biyu: na Suwizalan ya fi ba da ƙarfi ga ladabin hidima da aikin hannu, na Amurka kuma ga lissafi, kuɗi da harkar gine-gine. A yau kowanne ya ari abubuwa da yawa daga ɗan'uwansa.

Abin da ake koyarwa

A Lausanne, shekarar farko ta share fage ce. Ɗalibi zai sa fararen kayan kuku ya shiga kicin tun da asuba, ya yanka albasa, ya wanke tukwane, ya koyi jera cokula a tebur da gyaran gado, ya tsaya a teburin karɓar baƙi yana sauraron ƙorafin wanda ɗakinsa bai yi masa ba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Manajan da bai taɓa gyara ɗaki ba, ba zai san ɗakuna nawa ya dace a ɗora wa mai shara ɗaya a yini ba, kuma a nan ne ake zaluntar ƙananan ma'aikata ba tare da an sani ba. A Cornell ma sai ɗalibi ya cika sa'o'i 800 na aiki a masana'antar kafin ya kammala.

Sauran shekarun na lissafin kuɗi ne, tallace-tallace, dokokin kwangila da na ƙwadago, tsaftar abinci, kula da ma'aikata da harsunan waje. Darasin da ya fi nuna yanayin sana'ar shi ne na tsara farashi. Ɗakin otal ba hajar da ake ajiyewa a sito ba ce. In ya kwana babu kowa, kuɗin wannan daren sun tafi ke nan. Don haka ake koya wa ɗalibi ya auna abu biyu tare: yawan ɗakunan da aka kama da kuma farashin da aka sayar da su. Otal mai ɗaki 100, in ya sayar da 70 a kan dala 80 kowanne, ya sami dala 5,600, wato dala 56 a kan kowane ɗakin da yake da shi. In ya rage farashi zuwa dala 50 ya cika ɗakunan gaba ɗaya, dala 5,000 kawai zai samu, ga ƙarin kuɗin wanki, wuta da ruwa. Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka fara goge wannan dabara bayan gwamnati ta sakar musu mara kan tsara farashi a 1978, sannan otal-otal irin su Marriott suka ɗauka.

Ɓangaren yawon buɗe ido ya fi kallon gari ko ƙasa baki ɗaya: yadda ake tallata wuri, adana kayan tarihi, kare muhalli, da tabbatar da cewa mutanen gari sun amfana da baƙin da ke zuwa. Har kula da mahajjata ya zama fannin nazari, domin Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka tana da cibiyar bincike kan aikin Hajji da Umra.

Yaɗuwarsa

Matafiyan da ke ƙetare iyakokin ƙasashe sun tashi daga kimanin miliyan 25 a 1950 zuwa kusan biliyan 1.5 a 2019, makarantun kuma suka bi sawu. Jami'ar Nevada da ke Las Vegas ta buɗe nata sashen a 1967, Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong a 1979, wadda ta gina otal na koyarwa mai suna Hotel ICON a 2011. A Afirka, Kwalejin Utalii ta Nairobi, wadda aka kafa a 1975 da taimakon Suwizalan, ta horar da ma'aikata daga ƙasashe da dama. A Najeriya akwai NIHOTOUR, cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, baya ga kwalejojin fasaha da jami'o'in da ke ba da difloma da digiri.

Matsalolin fannin sanannu ne. Manyan makarantun Suwizalan na da tsada sosai, wasu makarantun ƙasashe masu tasowa kuma ba su da kicin ko otal na gwaji, sai ɗalibi ya fita da takarda ba tare da hannu ya faɗa ba. Dogayen sa'o'in aiki da ƙarancin albashin farko na sa wasu da suka kammala su koma bankuna, asibitoci ko kamfanonin gidaje. Annobar korona ta 2020, wadda ta rage tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da fiye da kashi 70 cikin 100, ta sa makarantu da dama suka ƙara darussan shirin ko-ta-kwana da na sayar da ɗakuna ta intanet a manhajojinsu.