Jarumar Faladin da Danginta a Wasan Dungeons & Dragons: Tambayoyi da Amsoshi

Wace ce faladin a wannan wasa?

Dungeons & Dragons wasa ne na ƙaga labari a taru, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, jagoran wasa yana tsara duniyar da suke ciki, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma ita ke yanke ko abin da aka yunƙura yi ya yiwu. An shigo da faladin a 1975, wato mayaƙin da ƙarfinsa ya rataya a kan rantsuwa. A bugun 2014, jarumar tana warkar da rauni da taɓawar hannu, kuma idan ta kai mataki na uku sai ta zaɓi rantsuwar da za ta rayu a kanta, ko ta sadaukarwa, ko ta kare hasken rayuwa, ko ta ɗaukar fansa.

Me zama 'yar gidan sarauta yake ƙara mata?

Dokokin bugun 2014 sun ba ta zoben hatimi, da takardar salsala, da tufafin alfarma, da tsabar kuɗin zinariya 25. Wannan kaɗan ne. Babban abin da take samu shi ne dangi masu suna da filaye da abokan gaba, waɗanda suke ganin takobinta mallakin gidansu ne.

Shin akwai irinta a adabin da ya gabaci wasan?

Akwai. Asalin faladin su ne barade 12 da tatsuniyoyin Turai suka jingina wa fadar sarki Sharlaman. A waƙar Orlando Furioso, wadda Ludovico Ariosto ya fara fitarwa a Italiya a 1516, akwai jaruma Bradamante, 'yar'uwar barde Rinaldo. Iyayenta sun so aurar da ita ga ɗan sarkin Girkawa, alhali zuciyarta tana wajen Ruggiero, sai ta roƙi Sharlaman ya zartar cewa babu mai aurenta sai wanda ya iya tsaya mata a fagen fama daga hudowar rana zuwa faɗuwarta. Ba ta fito ta yi wa iyayenta tsaurin ido ba, ba ta kuma miƙa wuya ba, kuma a ganina irin wannan matsi ne ya kamata mai ƙirƙirar jaruma ya nema.

Me zai faru idan rantsuwa ta ci karo da zumunci?

A ce ta gano cewa mahaifinta ne yake zaluntar manoman ƙasarsa. Idan ta rufa masa asiri ta saɓa alkawari, kuma dokoki sun yarda ta nemi tsarkakewa ta hanyar tuba da azumi ko tsayuwar dare. Idan ta saɓa da gangan ba tare da nadama ba, jagoran wasa yana iya raba ta da matsayinta. Idan kuwa ta tona shi, gado da sunan gida ne za su salwanta. Shi ya sa ya fi kyau a bar iyayenta da 'yan'uwanta da rai a labarin, maimakon a mai da ita marainiya tun farko kamar yadda 'yan wasa da yawa suke yi don sauƙi.