Fota mai faffaɗan kai: abin da dokar golf ta halatta da abin da ta hana

Duk mai zuwa filin golf na Kaduna zai lura cewa sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita, wato fota, ta sauya kama a jakunkunan 'yan wasa. Siririyar fota ta da can tana nan, amma mai faffaɗan kai da ake kira malet ta yawaita, wata mai siffar rabin da'ira, wata mai kusurwa huɗu, wata kuma mai ƙahoni biyu a bayanta. Da wuya sabuwa ta shigo fili ba a sami wanda ya ɗaga ta ya jujjuya ya tambaya ko doka ta yarda da irin wannan kai ba. Kusan duk malet da ta fito daga sanannen kamfani ta cika ƙa'ida. Abin da ke jawo wa ɗan wasa hukunci shi ne gyaran da aka yi wa sandar bayan ta bar masana'anta, da kuma yadda ya riƙe ta a lokacin bugu, kuma waɗannan biyun ne mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Hukumomi biyu ne ke rubuta dokokin golf na duniya: R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. Ta biyun tana kula da Amurka da Meziko, ta farkon kuma tana kula da sauran ƙasashe, har da Nijeriya, sai dai kundin da suke aiki da shi ɗaya ne. An sake masa fasali gaba ɗaya a shekarar 2019, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2023. Doka ta 4 ce ta wajabta wasa da sandar da ta cika ƙa'ida, amma ma'aunan sandar kanta suna cikin wani kundi na daban da ya shafi kayan wasa.

Kafin a kai ga ma'aunai, ya kamata a fahimci dalilin faɗaɗa kan. Idan fuskar fota ta sami ƙwallo a daidai tsakiyarta, ƙwallon zai bi hanyar da aka nufa da ƙarfin da aka nufa. Idan kuwa ta same shi a gefe, ko da da rabin inci ne, kan yakan ɗan murɗe, sai ƙwallon ya kauce, ya kuma gaza kaiwa. Masu ƙera malet sun kwashe nauyi daga tsakiya sun kai shi gefuna da baya, sau da yawa ta hanyar yin jikin da ƙarfe marar nauyi irin alminiyom sannan a dasa ƙarfe mai nauyi a kusurwoyi. Wanda ya taɓa kallon ɗan garuwa ya san wannan: sandar da ke kafaɗarsa da garwa cike a kowane ƙarshe ba ta juyuwa farat ɗaya, saboda nauyin yana nesa da tsakiya. Haka kan malet yake jure wa murɗewa, kuma ramin da faɗinsa inci huɗu da kwata ne kacal ba ya yafe kaucewa. Faɗin bayan ya kuma ba da wurin zana dogon layi ko wasu alamomi na saiti, kamar fararen da'irori biyu na Odyssey 2-Ball da ta fito a 2001. A hannu, malet takan ba da nutsuwa da taushi, musamman mai laushin fuska, ko da yake akwai ƙwararrun da ke ganin wannan taushin yana ɓoye musu labarin inda ƙwallo ya taɓa fuska, shi ya sa ba su rabu da siririya ba. Scottie Scheffler na Amurka ya koma malet ɗin TaylorMade Spider a watan Maris na 2024, ya ci gasar Arnold Palmer nan take, ya bi da gasar Players, sannan Masters a watan Afrilu.

Doka ta ba fota 'yancin da ba ta ba sauran sanduna ba. A wurinta, fota ita ce sandar da aka ƙera musamman don bugu a kan girin (shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami), wadda karkatar fuskarta ba ta wuce digiri 10 ba, kuma yawancin na kasuwa ba su wuce digiri uku ko huɗu ba. Tsawon kan, daga dunduniyarsa da ke kusa da ƙafar ɗan wasa zuwa hancinsa da ke nesa, kada ya wuce inci 7, tsayinsa daga ƙasa zuwa sama kuma kada ya wuce inci biyu da rabi. Sharaɗin da ya fi shafar malet shi ne cewa tsawon nan na dunduniya zuwa hanci dole ya fi zurfin kan daga fuska zuwa baya. Ita fuskar da ke taɓa ƙwallo kuma, tsawonta ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na wannan zurfin, da rabin tsawon kan gaba ɗaya. An yarda a huda kan, an yarda a yi masa fuska biyu idan suna juya wa juna baya kuma halinsu ɗaya ne, amma ba a yarda da na'urar lantarki ko ta haske mai taimaka wa saiti ba. Iyakar da aka gindaya wa kawunan manyan sandunan dogon bugu kan jure wa murɗewa ba ta shafi fota ba, kuma wannan ƙofar ce masu ƙera malet suka shiga.

Ba haka lamarin yake ba tun asali. A 1904 Walter Travis ya zo daga Amurka ya ci gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya, wato ta waɗanda ba sa wasa don kuɗi, da wata fota mai suna Schenectady, wadda ƙotarta ke shiga kusa da tsakiyar kai. A 1910 R&A ta haramta irin wannan ƙira, USGA kuwa ta ƙi bin ta, aka zauna da doka biyu har 1952, lokacin da hukumomin suka fitar da kundi na bai ɗaya. Yau ana iya dasa ƙotar fota a kowane wuri na kan.

A kan ƙota ne nake son 'yan wasanmu su fi tsayawa, domin da yawa daga sandunan da ke hannun masu koyo da yaran da ke ɗaukar jaka na gwanjo ne ko na kyauta, kuma Kaduna gari ne na masu aikin hannu. Wanda ya san Panteka ya san babu ƙarfen da ba za a iya yankewa, a lanƙwasa, ko a yi wa walda ba. Rage tsawon ƙota ba laifi ba ne matuƙar sandar ba ta gaza inci 18 ba, kuma iyakar inci 48 da ke kan sauran sanduna ba ta hau kan fota ba. Lanƙwasa wuya ne ke da haɗari. Doka ta ce idan aka ajiye fota yadda ake bugu da ita, ƙotar ta karkata daga tsaye cak da aƙalla digiri 10, kuma ta kasance miƙaƙƙiya daga saman mariƙi har zuwa wurin da bai wuce inci 5 daga ƙasan kai ba. Wanda ya sa aka miƙar masa da wuya domin ƙotar ta tsaya cak a kan ƙwallo ya fitar da sandarsa daga ƙa'ida ba tare da ya sani ba. Mariƙin fota shi ma yana da nasa rangwame, domin ana iya yi masa gefe mai faɗi inda manyan yatsu ke zama, sai dai kada a yi masa kwarmi ko a siffanta shi da yatsun hannu, kuma kaurinsa kada ya wuce inci ɗaya da kwata uku.

Malet da yawa suna zuwa da ƙananan nauyi da ake ɗaurewa da sukurudireba na musamman. A nan yanayinmu yana jarraba mutum, domin gudun ƙwallo a lokacin hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe, ba ɗaya yake da na tsakiyar damina ba. Sauya nauyin kafin a fara zagaye, wato wasan bin ramukan filin daga na farko zuwa na ƙarshe, halal ne, haka ma manna tef mai nauyi. Da zarar an fara, an rufe wannan ƙofa: wanda ya sauya halin sandarsa da gangan a tsakiyar zagaye sannan ya yi bugu da ita, korarsa za a yi daga gasar. Idan ya mayar da ita yadda take kafin ya yi bugu, ba shi da laifi, kuma ƙara ɗaure sukurun da ya kwance da kansa gyara ne da doka ta yarda da shi.

Babbar magana ita ce Doka ta 10.1b, wadda ta hana kafa sanda a jiki. Shekaru da dama wasu 'yan wasa suna amfani da doguwar fota, galibi mai kan malet, suna dafe ƙarshenta a ciki, ko a ƙirji, ko a haɓa, ta yadda sandar ke lilo daga wuri guda tabbatacce, rawar hannu kuma ta ragu. Ba a damu sosai ba sai da aka fara cin manyan gasanni da ita a jere: Keegan Bradley a gasar PGA ta 2011, Webb Simpson da Ernie Els a manyan gasannin Amurka da Birtaniya na 2012, sai Adam Scott a Masters ta 2013. Hukumomin biyu sun gabatar da shawarar hanin a Nuwamban 2012, suka tabbatar da shi a Mayun 2013, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2016.

Mutane da yawa sun ɗauka doguwar fota aka haramta, alhali salon riƙon aka hana. Kafawa iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗan wasa ya dafe sandar, ko hannun da ke riƙe da ita, a wani sashe na jikinsa. Ta biyu ta fi ɓuya: ya manna damtsensa na ƙasa, wato daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, a jikinsa domin hannun sama ya zama turke, ɗayan hannun kuma ya riƙa lilo da sandar. An yarda a jingina sandar a hannu ko a damtsen ƙasa, shi ya sa salon da Matt Kuchar ya shahara da shi, wanda Bryson DeChambeau ya ci babbar gasar Amurka ta 2020 da shi, bai saɓa doka ba. Idan sandar ko hannun ya gogi riga ko ya taɓa ciki a yayin lilo ba tare da an dafe shi ba, babu laifi, kuma wannan yana da muhimmanci ga dattawanmu masu jiki, waɗanda ake yawan zargi a kan abin da ba su yi ba. Bernhard Langer na Jamus ya ci gaba da doguwar fotarsa bayan hanin, ya dai janye hannunsa daga ƙirji. Hukuncin kafawa bugu biyu ne a wasan ƙidayar bugu, ko rasa ramin a wasan da ake karawa rami-rami.

A ganina hukumomin sun yi daidai da suka bar ƙira ta ci gaba suka tsaya a kan hannu. Faffaɗan kai yana rage illar kuskure, amma ɗan wasa ne har yanzu zai karanta gangaren girin, ya auna ƙarfi, ya kuma danne fargabarsa a kan bugun taku uku da gasa ta rataya a kansa. Kafa sanda a jiki yana ɗauke masa wani ɓangare na wannan aikin na ƙarshe. Na san akwai tsofaffin 'yan wasa da rawar hannu ta addaba, waɗanda kafawar ce ta bar su a fili, kuma kukansu na gaskiya ne. Doka ba ta yi biris da masu lalura ba, domin Doka ta 25 da aka shigar cikin kundin a 2023 ta yarda wanda ya rasa wata gaɓa, ko mai wasa a kan keken guragu ko sandar dogarawa, ya kafa sanda idan ba zai iya riƙe ta da lilo da ita ba sai da hakan. Rawar hannu ta tsufa kaɗai ba ta cikin wannan rangwame.

Akwai wasu hane-hane guda uku da faɗin malet ke sa a faɗa cikinsu. Dole a bugi ƙwallo da kan sanda, ba a tura shi, a ja shi, ko a kwashe shi ba. Ba a yarda a buga ana tsaye da ƙafa ɗaya a kowane gefen layin bugu ba, salon da Sam Snead ya yi amfani da shi har aka hana a 1968. Sannan daga farkon 2025, fotar da ke iya tsayuwa da kanta ba a yarda a tsayar da ita bayan ƙwallo, a saki, a koma baya a duba saiti ba.

Wanda ya sayi malet amma bai iya rabuwa da tsohuwar siririyarsa ba yana iya ɗaukar duka biyun, matuƙar jimillar sandunan jakarsa ba ta wuce 14 ba. Idan ta wuce, a wasan ƙidayar bugu hukuncin bugu biyu ne a kan kowane ramin da aka yi da ƙarin, iyakarsa bugu huɗu a zagaye, kuma laifin na ɗan wasa ne ko da yaron da ke ɗaukar jaka ne ya jefa sandar ciki. Idan fota ta lalace a tsakiyar wasa ana iya ci gaba da ita ko a gyara ta, tun 2023 kuma ana iya musanya ta, sai dai idan mai ita ne ya lalata ta cikin fushi. Sandar da ba ta cika ƙa'ida ba kuwa, ɗaukarta a jaka ba ya jawo hukunci, amma ana lissafa ta cikin 14, kuma bugu ɗaya da ita ya isa kora. Saboda haka wanda ke shakkar fotar da aka yi wa walda ko aka lanƙwasa wa wuya, ya kai ta gaban kwamitin gasa ko ƙwararren da ke koyarwa a kulob tun kafin a kira sunansa a ramin farko.