Sauya aikin maɓallan kwantirola a manhajojin kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa

Sauya aikin maɓallai shi ne ɗan wasa ya zaɓa wa kowane maɓalli na kwantirolarsa aikin da zai yi, maimakon wanda manhaja ta ba shi tun farko. An fi bukatar hakan idan ana buga wasannin tsofaffin na'urori ta manhajar kwaikwayo, wato emuleta, a kwamfuta ko waya, domin kwantirolar zamani ba ta yi daidai da ta da ba.

Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, maɓallan wasa biyu gare ta, A da B. Mega Drive ta Sega ta zo a 1988 da uku a jere, aka ƙara mata mai shida a 1993. Super Famicom ta 1990 ce ta kawo huɗu a fuska da biyu a kafaɗa, tsarin da yawancin kwantirololi ke bi har yau.

Inda ake yawan rikicewa shi ne haruffa. A wurin Nintendo, A yana dama, B yana ƙasa. A kwantirolar Xbox kuwa A ne a ƙasa. Wanda ya bi harafi sai ya tarar yana soke abin da yake nufin zaɓa. Shi ya sa bin wurin da maɓalli yake ya fi bin sunansa, tun da babban yatsa wuri ya sani, ba harafi ba. A wasannin NES, wato Famicom ta wajen Japan, da ake danne B don gudu ana taɓa A don tsalle, da yawa kan mayar da B hagu, A kuma ƙasa, yatsa ɗaya ya iya haɗa su.

Manhajar kwaikwayo ta RetroArch ta raba aikin gida biyu. Da farko ana haɗa kwantirolar hannu da wata ta cikin manhaja mai suna RetroPad, wadda fuskarta ta bi tsarin Super Nintendo, wato Super Famicom ta wajen Japan. Sannan a haɗa RetroPad da maɓallan na'urar da ake kwaikwaya. Matakin farko ya shafi komai har da menu, don haka ba a taɓa shi don gyara wasa guda. A na biyun ake sauyi, kuma ana iya adana shi don wasa ɗaya ko don na'ura ɗaya baki ɗaya.

Nintendo 64 ta 1996 ta fi wahala. Maɓallanta na C guda huɗu akan ɗora su a kan sandar dama ta kwantirolar zamani, abin da ke yi daidai in kyamara suke juyawa, amma yana da nauyi a wasan da ke son dannawa da sauri. A manhajojin kwaikwayo akan kuma ware maɓalli ɗaya, galibi Select, wanda sai an danne shi tare da wani kafin a adana wasa ko a fita, don kada a rufe wasa bisa kuskure.