Dokar Lilly Ledbetter: Yadda Ra'ayin da Ya Sha Kaye a Kotun Ƙolin Amurka Ya Zama Doka

Idan ana tauye wa ma'aikaciya albashi don kawai ita mace ce, daga yaushe za a fara ƙirga mata wa'adin kai ƙara? Daga ranar da shugabanninta suka ƙulla hakan a ofis ba da saninta ba, ko kuwa daga ranar da aka miƙa mata albashin da aka zaftare? Wannan tambaya ce kaɗai dokar Lilly Ledbetter ta 2009 ta zo ta amsa a Amurka, kuma ba za a fahimci amsar ba sai an san rawar da Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta taka.

Lilly Ledbetter ta yi aiki a masana'antar tayoyi ta Goodyear da ke garin Gadsden na jihar Alabama daga 1979 zuwa 1998, tana cikin masu sa ido a kan ma'aikata. Gab da barinta aiki wani ya ajiye mata 'yar takarda ba suna, ɗauke da albashin abokan aikinta maza. A ƙarshen 1997 ita tana karɓar dala 3,727 a wata. Mafi ƙarancin albashi a cikin mazan da ke matsayi ɗaya da ita dala 4,286 ne, mafi yawa kuma 5,236. Ta kai ƙara ƙarƙashin kashi na bakwai na dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wanda ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda jinsi, launin fata, addini ko asali. Kotun farko ta ba ta gaskiya. An yanka mata diyya sama da dala miliyan 3, alƙali ya rage ta zuwa 360,000 saboda iyakar da doka ta sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa'adi. Dokar 1964 ta ce sai an kai koke gaban hukumar EEOC, mai kula da adalci a wuraren aiki, cikin kwana 180 da aikata laifin, ko 300 a wasu jihohi. Kamfanin ya riƙe wannan gam, ya ce shawarwarin da suka jawo giɓin an yanke su tun shekaru da dama baya, don haka bakin alƙalami ya bushe. A ranar 29 ga Mayu, 2007, Kotun Ƙoli ta yarda da shi, alƙalai biyar a kan huɗu. Mai Shari'a Samuel Alito ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, kuma hujjarsa ba ta wofi ba ce: an sa wa'adi ne don kada a tilasta wa mutum kare kansa a kan tsohon zance bayan shaidu sun watse. A wannan shari'ar ma, shugaban da Ledbetter ta fi zargi ya rasu kafin a zauna kotu.

Ginsburg, wadda a lokacin ita kaɗai ce mace a cikin alƙalan tara, ba ta tsaya ga rubuta saɓaninta ba. Ta karanta shi da bakinta a zauren kotun, abin da alƙalan can ba su cika yi ba sai abu ya kai musu iya wuya. Hujjarta ta mutumin da ya san wurin aiki ce. Kora daga aiki ko hana ƙarin girma abu ne da ake yi a fili, wanda aka yi wa ya san ranar. Tauye albashi kuwa kamar gara yake ci. Bana a rage mata kaɗan a ƙarin albashi, baɗi a lissafa sabon ƙari a kan wancan ragaggen, a haka giɓin ke faɗi. Ga shi yawancin ma'aikata ba su san abin da na kusa da su ke karɓa ba. To yaya za a ce mace ta kai ƙara cikin wata shida a kan abin da aka ɓoye mata? Ginsburg ba ji-ta-ji-ta take yi ba: lokacin da ta fara koyarwa a jami'ar Rutgers a 1963, ita ma an biya ta ƙasa da maza, da hujjar cewa mijinta na da aiki mai tsoka. Ta rufe da cewa gyaran ya rage ga majalisar dokoki, kamar yadda majalisar ta taɓa warware wasu hukunce-hukuncen kotun a 1991.

Majalisar ta ji. Ƙudurin ya maƙale a Majalisar Dattawa a 2008, ya wuce a farkon 2009, ya zama doka ta farko da Barack Obama ya sa wa hannu, ranar 29 ga Janairu.

Abin da dokar ta tanada a taƙaice yake. Duk lokacin da aka biya ma'aikaci albashi, ko wani haƙƙi na aiki, wanda ya samo asali daga shawarar nuna bambanci, an sake aikata laifin a ranar, kuma ƙirgen kwana 180 ya koma farko. Ko da shekara ashirin ke nan da yanke shawarar, muddin albashin watan jiya na ɗauke da tabonta, ƙofar ƙara a buɗe take. Ba mata kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da wanda aka tauye saboda launin fata, addini, asali, tsufa ko naƙasa. An kuma mai da aikinta baya zuwa 28 ga Mayu, 2007, jajibirin hukuncin, don a shafe tasirinsa gaba ɗaya.

Sai dai cikakken sunanta, wato dokar adalcin albashi ta Lilly Ledbetter, kan ruɗi mutane, su ɗauka ita ce ta wajabta biyan mace da namiji daidai. A'a, wannan tun dokar daidaita albashi ta 1963 yake. Dokar Ledbetter ba ta tilasta wa kamfani bayyana albashin kowa ba, ba ta kuma ɗauke wa mai ƙara nauyin kawo hujjar cewa bambancin jinsi ne ya jawo giɓin ba. Kuɗin baya da za a iya karɓa ma bai wuce na shekara biyu kafin ranar kai koke ba, sannan kashi na bakwai na dokar 1964 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 15 ba. A ganina nan ne raunin yake, domin wadda ba ta samu mai ajiye mata takarda ba har yanzu tana cikin duhu.

Ita Ledbetter ko sisi ba ta karɓa ba daga diyyar, domin dokar ba ta tayar da shari'ar da aka riga aka rufe ba. Ta rasu a watan Oktoba na 2024. Ginsburg, wadda ta riga ta rasuwa a watan Satumba na 2020, ta sa an yi wa kwafin dokar firam ta ajiye a ofishinta na Kotun Ƙoli.