Wayar MainOne da tasowar kamfanonin fasaha a Yaba

MainOne wayar intanet ce ta ƙarƙashin teku mai tsawon kimanin kilomita 7,000, wadda ta taso daga Fotugal ta sauka a Akara da Legas. Ta fara aiki a 2010. Injiniya Funke Opeke ce ta kafa kamfanin bayan ta dawo gida daga Amurka, kuma a 2022 kamfanin Equinix na Amurka, mai gudanar da cibiyoyin adana bayanai, ya kammala sayensa kan dala miliyan 320.

Kafin zuwanta, Najeriya na rataye ne da waya guda, SAT-3, wadda ke hannun NITEL, sai kuma tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada. Duk wanda ya yi zamanin shagunan intanet ya san yadda mutum zai biya kuɗin awa ɗaya, rabinta ya ƙare yana jiran shafi ya buɗe. Da SAT-3 ta samu matsala a 2009, har Nijar da Benin da Togo sai da suka ji a jikinsu. Shigowar MainOne da wasu wayoyin ƙarƙashin teku, wato Glo-1, sannan WACS da ACE a 2012, ta karya farashin da kamfanonin sadarwa ke sayen intanet a sari.

Sai dai saukar waya a bakin teku bai isa ba, sai ta shiga unguwa. A 2013 gwamnatin jihar Legas ta yafe kuɗin izinin haƙa hanya, MainOne ta shimfiɗa waya ta kimanin kilomita 27 a Yaba, inda CcHUB, cibiyar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha, take a kan titin Herbert Macaulay, kusa da Jami'ar Legas da Yabatech. Wannan ɗan guntun aiki ne ya fi taɓa masu ƙirƙira kai tsaye. Matashi mai kwamfuta ɗaya ya samu damar gwada dabararsa da kuɗi kaɗan: ya yi hayar ma'ajiyar bayanai a intanet maimakon sayen injuna, ya fitar da manhaja yau, gobe ya gyara ta. In ta faɗi, asarar ba ta kai ta durƙusar da shi ba. A Yaba Andela ta fara horar da masu rubuta manhaja a 2014, can kuma Mark Zuckerberg mai Facebook ya kai ziyara a 2016. Paystack, wani kamfanin Legas da aka kafa a 2015 don karɓar kuɗi ta intanet, takwararsa ta Amurka, Stripe, ta saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200.

Arewa kuwa sai wayar ta keta jihohi ta ƙasa kafin ta iso, kowace jiha da kuɗin haƙarta. An tsayar da naira 145 kan kowace mita, Kaduna ma ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, amma masu gyaran titi da ɓarayi na yawan tsinka wayoyin. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke riƙe da na'urar POS yana cewa "babu sabis", sau da yawa wannan ce matsalarsa.

Ranar 14 ga Maris 2024 MainOne da WACS da ACE da SAT-3 suka lalace a teku daura da Kodebuwa. Manhajojin bankuna da dama suka tsaya, kamfanonin sadarwa suka karkata zuwa wasu wayoyi, ciki har da Equiano ta Google wadda ta sauka Legas a 2022.